"Haƙori yake yi": Kalmar da ke sa a makara wajen kai yara asibiti a ƙasar Adar

Da zarar an gama girbin gero an cika rumbuna, sai garuruwan ƙasar Adar su fara raguwa. A Garhanga, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi huɗu na gundumar Keita a jihar Tahoua, an daɗe ana haka: magidanta da samari su ɗaure kaya su nufi Sakkwato, Kano, Legas ko Abidjan, wasu kuma su haura arewa zuwa Libiya da Aljeriya. Ko lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita a 1984, mata ne suka fi yawa wajen ɗaukar duwatsu da dashen itatuwa, saboda maza sun tafi cin rani. A gida akan bar mata da tsofaffi da yara, cikinsu har da jariran da iyayensu maza za su fara ganin haƙorinsu na farko a hoton waya.

Daga can wurin nema, uba kan buga waya gida ya tambayi lafiyar ɗansa. Idan yaron ba ya jin daɗi, amsar da aka fi ba shi sananniya ce: jikinsa da zafi, yana ɗan zawo, amma ba komai, haƙori yake yi. Da jin haka hankalin uba ya kwanta, ya yi addu'a, ya koma bakin aikinsa. Uwa ma ba ɓoye masa komai ta yi ba. Abin da ta ji daga uwarta da uwar mijinta ne ta faɗa.

Sai dai likitocin yara sun daɗe da tabbatar da cewa fitar haƙori ba ta kawo zazzaɓi mai tsanani, ba ta kawo zawo mai yawa, ba ta sa yaro ya rame. Haƙori yana da lokacinsa da tsarinsa, kuma sanannu ne. Duk wanda ya san su zai iya gane ranar da haƙori ne ke damun yaro, da ranar da cuta ce ta fake da sunan haƙori.

Yadda haƙoran yarinta ke fitowa

Haƙori ba ya farawa ranar da aka gan shi. Tun yaro yana da kamar mako shida a cikin mahaifiyarsa tushen haƙoransa ke fara samuwa, kuma ana haifarsa da dukkan haƙoran yarinta guda 20 a ɓoye cikin dasashi, goma sama goma ƙasa.

Waɗanda suka fi rigan fitowa su ne haƙoran gaba biyu na ƙasa, tsakanin wata 6 zuwa 10. Sai na gaba biyu na sama su biyo baya, tsakanin wata 8 zuwa 12. Daga nan sai maƙwabtansu na gefe: na sama tsakanin wata 9 zuwa 13, na ƙasa tsakanin wata 10 zuwa 16.

A nan ne tsarin ke yin abin da ke ba iyaye mamaki. Maimakon fiƙa ta biyo, sai a tsallake gurbinta, turamen farko su fito a can ciki, tsakanin wata 13 zuwa 19. Bayan su ne fiƙoƙi ke cike gurbin da aka bari, tsakanin wata 16 zuwa 23. Na ƙarshe su ne turame na biyu, tsakanin wata 23 zuwa 33. Kafin yaro ya cika shekara uku, yawanci haƙoransa 20 sun kammala.

Haƙoran kan fito bibbiyu, na dama da na hagu kusan lokaci guda. Waɗannan watanni kuma matsakaicin lissafi ne kawai. Wani yaro kan yi haƙori yana wata huɗu, wani sai ya kusa shekara, kuma duka lafiya lau. Sau da yawa gado ne. Haka kuma idan haƙorin sama ya riga na ƙasa fitowa, ba alamar wani mugun abu ba ce. Akan ma haifi jariri da haƙori, kamar ɗaya cikin haihuwa 2,000 zuwa 3,000. Abin da ake buƙata a nan shi ne ma'aikacin lafiya ya duba ko haƙorin yana girgiɗi ko yana ji wa harshen jaririn ciwo.

Idan aka lissafa, daga wata shida zuwa kusan shekara biyu da rabi, da wuya a samu lokaci mai tsawo da babu wani haƙori da ke kan hanya. Ke nan duk cutar da ta kama yaro a waɗannan shekaru, idan aka buɗe bakinsa za a iya samun haƙorin da za a ɗora wa laifi.

Abin da haƙori ke yi, da wanda ba ya yi

Ba a ce fitar haƙori ba ta da wahala ba. Dasashi kan kumbura ya yi ja, yaro ya riƙa dalalar miyau, yana cizon duk abin da ya samu, yana rigima, barcinsa ya ragu, cin abincinsa ya ɗan ja baya. Jikinsa ma kan ɗan yi ɗumi. Waɗannan alamu na zuwa ne kwanaki kaɗan kafin haƙorin ya huda da kwanaki kaɗan bayansa, sannan su wuce.

A shekarar 2000, mujallar likitocin yara ta Amurka mai suna Pediatrics ta wallafa wani bincike da aka yi a birnin Cleveland, inda aka bi diddigin yara 125 kullum ana rubuta halin da suke ciki. An ga alamun da aka ambata a sama, amma ba a samu alaƙa tsakanin fitar haƙori da zazzaɓi mai tsanani ko wata babbar cuta ba. A 2016 mujallar ta sake wallafa wani nazari da ya tattara bincike daga ƙasashe daban-daban, ya kuma kai ga matsaya guda: zafin jiki kan ɗan ƙaru, amma bai kai a kira shi zazzaɓi ba.

Ma'aunin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi shi ne digiri 38. Idan zafin jikin yaro ya kai haka ko ya wuce, a nemi dalilin a wani wuri. A yanki irin Garhanga, musamman daga damina zuwa kaka, abu na farko da ya kamata a yi tunani shi ne zazzaɓin cizon sauro, wanda gwajin ɗigon jini na mintuna kaɗan ke iya nunawa. Ga ƙaramin yaro, wannan cuta na iya rikiɗewa cikin kwana ɗaya ko biyu ta kai ga suma ko ƙarewar jini.

Me ya sa suke zuwa tare?

Iyaye mata ba ƙarya suke yi ba idan suka ce sun ga zawo lokacin haƙori. Sun gani ɗin. Tambayar ita ce me ya kawo shi.

A daidai wata shida, abubuwa da dama kan haɗu. Kariyar da jariri ya samo daga jinin mahaifiyarsa tun yana ciki takan fara ƙarewa, tasa kuma ba ta gama ƙarfi ba. A lokacin ne ake ƙara masa kunu da fura da ruwan rijiya a kan nono. A lokacin ne yake fara zama da rarrafe a tsakar gida, inda kaji da awaki ke kai kawo. Ƙaiƙayin dasashi kuma yana sa ya kai komai baki: takalmi, tsumma, ƙasa, ludayin da ƙuda ya sauka a kai. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta wannan hanya su kawo zawo. Haƙorin dai ya zo ne a kan gaɓa.

Bambancin yana da girma a aikace. Uwar da ta yarda cewa zawon haƙori ne za ta jira haƙorin ya fito don zawon ya tsaya. Cikin wannan jira ruwan jikin yaro ke ƙarewa: idanunsa su faɗa, maɗigarsa ta loɓa, fitsari ya ɗauke, ya yi laushi. Wanda ya tsira kuma, zawo bayan zawo kan kai shi ga tamowa. Waɗannan watanni na fitar haƙori su ne kuma watannin da tamowa ta fi kama yara, shi ya sa cibiyoyin farfaɗo da yara masu tamowa, irin waɗanda ƙungiyar likitoci ta MSF ta tallafa wa shekaru da dama a Madaoua da Bouza, suka fi cika da 'yan ƙasa da shekara biyu. Idan kuma aka yaye yaro farat ɗaya saboda uwa ta samu wani ciki, haɗarin ya ƙaru.

Maganin zawo kuwa ba mai tsada ba ne: ruwan gishiri da sukari na cikin ƙunshi da ake bayarwa a asibiti, ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da ba da nono da abinci. Tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a asibitocin gwamnati, ko da yake iyaye kan tarar magani ya yanke su saya a waje. A 2014 kuma aka shigar da rigakafin ƙwayar cutar rota, wadda ke kan gaba wajen haddasa zawo mai tsanani ga jarirai, cikin jerin rigakafin yara na ƙasar.

Turawa ma sun yi wannan kuskure

Ɗora wa haƙori laifi ba a ƙasar Hausa aka fara shi ba. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce, rubuce-rubucen da ake dangantawa da likitan Girka Hippocrates sun lissafa zazzaɓi da zawo da suma cikin abubuwan da fitar haƙori ke kawowa. A Ingila, rahoton hukumar rajistar haihuwa da mutuwa na 1842 ya rubuta "haƙori" a matsayin sanadin mutuwar kusan biyar cikin ɗari na jariran birnin Landan da suka rasu kafin cika shekara. Likitocin wancan zamani kan tsaga dasashin jariri da wuƙa wai don buɗe wa haƙori hanya.

Sun kuma riƙa bai wa yara garin maganin haƙori mai ɗauke da sinadarin zaiba. Wannan gari ya jawo wata cuta da ke sa hannuwa da ƙafafun yara su yi ja suna saɓa, ta kuma kashe yara da yawa. Sai a shekarun 1950 da aka cire zaiba daga magungunan cutar ta ɓace. Yau ba a rubuta haƙori a takardar mutuwar yaro a Ingila, alhali haƙoran yaransu na fitowa yadda suka saba. Abin da ya sauya shi ne ruwan sha da tsafta da rigakafi da sanin sunan cutar ta gaskiya.

Maganin haƙori da ya zama ajali

Darasi mafi kusa ya faru ne a Najeriya. A watan Nuwamban 2008, aka fara kai yara asibitoci a Legas da Ibadan da Zariya fitsari ya ɗauke musu, ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya gano cewa an ba su wani maganin ruwa na fitar haƙori mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da sinadarin diethylene glycol, guba da ake amfani da ita a masana'antu. Ma'aikatar lafiya ta Najeriya ta ce yara 84 ne suka mutu. Hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin, a 2013 kuma wata babbar kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatansa biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Iyayen waɗannan yara sun sayi maganin ne don saukaka wa 'ya'yansu abin da zai wuce da kansa.

Wannan ya shafi ƙauyukan Adar kai tsaye, domin magunguna na ketare iyaka cikin jakar 'yan cin rani da farantin masu talla a kasuwannin mako. Cikin abin da ake sayarwa don zawo har da kafson tetracycline mai launin ja da rawaya, wanda likitoci suka hana bai wa yaro ɗan ƙasa da shekara takwas, saboda yana shiga haƙoran da ke ginuwa cikin dasashi ya ɓata launinsu har abada. Ko man shafawa na dasashi da ake sayarwa a manyan birane ba shi da tabbas: a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi iyaye kada su shafa wa 'yan ƙasa da shekara biyu mai ɗauke da benzocaine.

Haka abin yake ga aska. Tsaga dasashi ko cire belu don yaro na zawo ba ya tsayar da zawon, sai dai ya ƙara masa zubar jini da ciwon da zai hana shi kama nono, ga kuma haɗarin tetanus. Abin da ke sauƙaƙa wa mai fitar haƙori shi ne a wanke hannu a murza masa dasashi a hankali da yatsa, ko a ba shi tsumma mai tsafta da aka jiƙa da ruwan sanyi da aka tafasa ya huce. Idan rigimar ta yi yawa, ma'aikacin lafiya ne zai faɗi adadin farasitamol daidai nauyinsa. Zuma kuwa ba a bai wa yaron da bai cika shekara ba.

Idan dasashi na jini, baki na wari

Akwai wata cuta da ke farawa daidai inda haƙori ke fitowa, kuma ita ce ta fi buƙatar a san bambanci. Likitoci na kiranta noma, a wasu wuraren ƙasar Hausa kuma ana ce mata ciwon iska ko ciwon daji. Ta fi kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da jini da warin baki, sannan kunci ya kumbura, cikin 'yan kwanaki ta fara cin nama da ƙashin fuska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, tana kashe har tara cikin goma. Amma idan aka tare ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa.

A watan Disamban 2023 hukumar ta sanya noma cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan buƙatar da Najeriya ta jagoranta. A Sakkwato akwai asibitin yara masu noma da aka kafa a 1999, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara. Kumburin haƙori na tsayawa ne a wuri guda, bisa haƙorin da ke tafe, ba ya wari. Dasashin da ke jini da ɗoyi kuwa, ranar da aka gani ranar ake zuwa asibiti.

Jinkiri, famfara da haƙoran girma

Yaron da aka haifa bakwaini ko da ƙaramin nauyi kan yi jinkirin haƙori. Tamowa mai tsawo ma na jinkirta shi, kamar yadda bincike kan yara a ƙasar Peru ya nuna. Idan yaro ya kai wata 18 babu haƙori ko ɗaya, ya kamata a duba shi.

Wajen shekara shida ake fara famfara, kuma haƙoran da suka fara zuwa su ke fara tafiya: na gaban ƙasa, sannan na gaban sama. 'Yan mata kan ɗan riga maza. Daga nan har zuwa shekara 12 ko 13 haƙoran girma na maye gurbin na yarinta, turamen ƙarshe kuma kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 21 su cika 32. Tsarin yana da tabbas har ana kimanta shekaru da shi. A Ingila, bayan dokar 1833 da ta hana sa yara 'yan ƙasa da shekara tara aiki a masaƙu, wani likitan haƙori mai suna Edwin Saunders ya nuna a 1837 cewa haƙori ya fi tsawon jiki faɗin gaskiyar shekarun yaro.

Akwai haƙori ɗaya da iyaye suka fi yin asararsa. A shekara shida, turmin girma na farko kan fito a bayan turamen yarinta ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yawa kan ɗauka na yarinta ne, idan ya fara ruɓewa a ce ai zai fita wani ya zo. Ba wanda zai zo. A birane, inda alewa da biskit da lemon kwalba suka yawaita, wannan haƙori ne ya fi saurin lalacewa. Ana fara tsaftace baki ne tun haƙorin farko, da tsumma mai tsafta ko ƙaramin buroshi da man goge baki daidai ƙwayar shinkafa, sau biyu a rana.

Tambayoyin da mai nisa zai yi

Uban da ke Abidjan ko Sabha ba zai iya taɓa goshin ɗansa ba, amma sau da yawa shi ke da kuɗin babur da izinin fita. Daga ƙauyukan da ke bayan duwatsun Garhanga zuwa cibiyar lafiya, ko zuwa asibitin gunduma a Keita, tafiya ce mai cin kuɗi, kuma mace da yawa ba za ta kama hanya ba sai mai gida ko uwar miji sun amince.

Don haka idan aka ce masa haƙori ne, akwai abin da zai tambaya kafin ya ajiye waya. Kwana nawa ke nan? Sau nawa ya yi zawo tun safe, kuma da jini? Yana kama nono, ko duk abin da ya sha sai ya amayar? Ya yi fitsari yau? Yana wasa, ko kwance yake shiru? An auna zafin jikinsa, an yi gwajin jini? An buɗe bakinsa an duba dasashi? An zagaya damtsensa da ma'aunin nan mai launi uku, kuma wane launi ya nuna? An yi masa allurar ƙyanda ta wata tara? Ya sha maganin rigakafin zazzaɓi da ake rabawa gida-gida duk wata a damina?

Zawo mai ruwa sau uku ko fiye a yini, jiki mai zafi rau, ƙin kama nono, suma, numfashi da sauri, ko ma'aunin damtse da ya nuna ja: ko ɗaya daga cikinsu ya isa a aika kuɗin babur a ranar. Idan ma'aikacin lafiya ya duba ya ce haƙori ne kawai, asarar ba ta wuce kuɗin mai ba.